Azarar da Inna Ta Ɓoye

Ɗakin Inna soro ne irin na da, ginin ƙasa da rufin azara, kuma tun ban yi wayo ba nake jin ana cewa bana za a gyara shi. Na fara ɗaukar tallan ƙuli-ƙuli ana cewa bana. Na isa goyon ƙanena har in yi daka da shi a baya, ana cewa bana. Gidanmu yana Dutsin-Ma, ta bakin gari, kuma a ɗakin nan Inna take kwana da mu 'ya'yanta. A nan take jibge buhunan gyaɗar da take matsar mai, a nan jerenta yake, tasoshi da kwalla da ta zo da su daga gidansu a Kurfi. Duk abin da ta mallaka a duniya, har da mu, yana ƙarƙashin rufin nan, rufin kuwa ya gaji.

Gara ce ta ci azarar daga ciki. In ka ɗaga kai sai ka ga itacen lafiya lau, in ka soka masa tsinke gari ya zubo maka a ido. Tsakiyar rufin ta lotso kamar tsohon gado, har sai da aka kafa gwafa a tsakar ɗaki aka tokare ta. Gwafar nan ta sha zagi a bakina, don ba ranar da ba na buga goshi da ita. Da damina kuwa tasoshin jere duk sai su sauko ƙasa su koma tarar ruwa, mu mu takure a lungun da bai fara zuba ba, Inna tana zaune tana kallon sama tana motsa baki. Ban taɓa tambayarta ko addu'a take yi ko Baba take yi wa faɗa a zuci ba.

Baba hatsi yake saye da sayarwa, yana bin kasuwannin ƙauye. Kada wani ya ɗauka mugu ne. Bai taɓa ɗaga wa Inna murya ba, bai taɓa kai mana hannu ba, kuma in ya dawo kasuwa ba a rasa rake ko alewa a aljihunsa. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya jin an ce “don Allah” ya ce babu. Rigar jikinsa, buhun geron da ya sayo don gida, fitilar da muke karatu da ita, akuyar da aka ce tawa ce, duk ta zaure suka bi suka fita. In ya bayar sai ya shigo gida fuska a sake, jiki ba nauyi, kamar wanda ya fito wanka, ya ce a ba shi ruwa ya sha. Gari kuwa ya ɗauke shi ya ɗora a kai. In na fita talla tsofaffi su tsayar da ni su ce, “Ke ɗiyar Malam ce? Allah shi yi maku albarka, ubanku ɗan aljanna ne.” In ce amin, in koma gida in tarar da Inna tana ƙara wa miya ruwa don ta kai ga kowa.

Yanzu da na tsufa, jikokina sun nuna mini yadda ake sadaka ta waya. Hoton mara lafiya ko na masallacin da ba a gama ba zai fito, a danna nan a danna can, kafin shayi ya huce an ce an karɓa, Allah ya saka da alheri. Ban ce laifi ba ne, ni ma ina sa su tura mini. Amma duk sanda na ga fuskar mai turawar ta yi wannan sakewar, sai in kawar da kai, don na san ta tun ina yarinya. Da Baba ya riski wannan zamani, ina jin ko tabarma ba za ta kwana a gidanmu ba. Bayarwa ba ta taɓa yi masa wuya ba. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ya tsaya a tsakar ɗakin Inna ya ɗaga kai.

Inna tana da wa a Kurfi, magini ne, mu muna ce masa Kawu. Da ta gaji da jiran bana sai ta riƙa aika masa da man gyaɗa da ƙuli, shi kuma yana nemo mata azara sannu a hankali, don ko a lokacin giginyar da ta ƙosa ta fara wuya. Wani rani sai ga su a kan jakuna, baƙaƙe, masu nauyi, aka jingine su a ƙofar gida. Inna ta leƙa ta zaure ta gan su, ta dawo tana murmushi ita kaɗai, ranar har waƙa ta yi a bakin turmi. Shekarun nan ana aikin dam ɗin Zobe, mutanen wasu ƙauyuka suna tashi daga inda ruwa zai ci. Wani dattijo daga wajen Makera ya biyo ta ƙofarmu, ya ga azara, ya zauna da Baba a dakali suka gaisa. Kafin la'asar jakuna sun sake zuwa, wannan karon na dattijon, suka kwashe azarar.

Baba ya shigo ya sami Inna tana murza tunkuza.

Ya ce, “Kin ga bawan Allah wanga, iyali gare shi har da tsohuwa makauniya, a fili suke kwana. Mu ko muna da rufi bisa kanmu.”

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, “Malam, rufin ga da kake gani, gwafa ta riƙe shi.”

“Allah ya riƙe shi, ba gwafa ba. Baɗi in Allah ya kai mu, ni da kaina zan sawo maki waɗanda sunka fi su.”

Ta ce, “Allah shi kai mu.” Ta ci gaba da murza.

Baɗi ta zo bai sayo ba. Ba ƙarya ya yi mata ba, da gaske ya yi niyya, sai dai kullum akwai mai buƙatar da zai riga rufin isowa gabansa. Inna ta sake ɗaura ɗamara, ta koma matsar mai har tafin hannunta ya yi kanta. Da azara ta biyu ta iso sai ta ce kada a bar ta a waje, a shigar da ita zaure bayan ƙofa a lulluɓe da zana. To, a shekarar ne aka tashi faɗaɗa masallacin unguwa. Ba wanda ya ma roƙi Baba. Shi ya miƙe bayan sallah ya ce akwai azara a gidansa. Liman ya yi masa doguwar addu'a, matan unguwa kuma suka ɗauko mayafi suka zo yi wa Inna barka. Suna cewa, “Kin ji daɗi, kin gina ma kanki ɗaki a aljanna.” Ta dama musu fura, ta raka su har bakin zaure tana amsa amin. Da suka tafi ta shiga ɗaki ta zauna ta jingina da gwafar nan ta yi kuka, kukan da ban taɓa ganin ta yi ba ko da mahaifiyarta ta rasu.

A daminar nan wani ɓangaren ƙasa ya ɓalle daga rufin ya faɗo kan tabarmar da na ɗauke ƙanena daga kanta, ko gurbinsa bai huce ba. Ranar na tsani kyautar Baba, tsana ta gaske, kuma na ji tsoron Allah don na tsane ta. Da aka nuna masa wurin ya yi salati, ya ce lalle bana za a gyara.

Bayan an gama girbi na raka Inna Kurfi. Kawu mutum ne mai zafi, ba ya tauna magana. Muna zaune a tsakar gidansa ya ce mata, “Wanga shi ne na ƙarshe. Ba ni yawon neman giginya don in rufe ma Dutsin-Ma kaf ɗakuna. In kuwa ba ki iya riƙe su, kwaso ɗiyanki ki dawo gida har shi gyara.”

Inna ta ce, “Yaya, mi zan ce ma mutane? In ce na yi yaji don mijina na sadaka?”

Matar da ake duka tana da wurin kai ƙara, matar da ake bari da yunwa tana da masu tsaya mata. Inna ba ta da kowa, ko a wajen malamai sai dai a ce mata ta gode wa Allah. Daga ƙarshe suka shirya cewa zai aiko da azarar ranar da Baba ya tafi kasuwa, ta ɓoye ta. Shi kuma da ya gama wani gini da ke hannunsa zai zo da sassafe da mutanensa ya yaye tsohon rufin. In ɗaki ya zama a buɗe, ba mai kunyar da zai roƙi itacen da za a rufe shi, Baba ma ba zai iya bayarwa ba.

Sai maganar wurin ɓoyo. Ƙofar gida an gwada, zaure an gwada. Tsakar gida Baba zai gani, bayan rumbu kullum yana can, ƙarƙashin gado kuwa azara ta fi shi tsawo. Inna ta daɗe tana tunani, sannan ta ce akwai wuri ɗaya a gidan da idon Malam ba ya zuwa, wato saman ɗakin nata. Soron yana da rawani, ɗan gini da ya zagaye bakin rufin, wanda ke ƙasa ba ya ganin abin da ke sama. A can muke shanya kuɓewa da barkono, kuma Baba bai taɓa taka tsani ba. Har dariya muka yi ni da ita don daɗin dabarar.

Cikin bazara 'ya'yan Kawu biyu, manyan samari manoma, suka kawo azarar. Da ɗayansu ya hau ya taka rufin sai ya leƙo ya ce, “Gwaggo, tsakiyar nan motsi take.” Inna ta ce to kada su ɗora a tsakiya, su jera ta a gefe, jikin rawani, inda bango zai ɗauki nauyin. Suka jera ta a gefen gabas, suka rufe da karan dawa. Gefen nan ne rufin ya karkata, ta nan ruwa yake gangarawa ya fita ta indararo. Mu duka mun san haka, amma rana ake yi kamar wuta, ba wanda ruwa ya zo wa a rai, kuma ai Kawu yana tafe.

Kawu bai zo da wuri ba. Ginin hannunsa ya ja, daga baya kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Zafi ya yi ta ƙaruwa, da yamma gabas ta fara yin duhu tana washewa. Inna ta aika Kurfi, aka ce yana nan zuwa. Wata rana da magariba Baba yana cin tuwo yana ba mu labarin wani mai faci a bakin kasuwa da gobara ta cinye wa gida, yana ta neman itacen rufi ga damina ta kawo kai. Ya girgiza kai ya ce, “Da muna da azara da na ba shi.” Ni na sunkuyar da kai ina wasa da miya. Inna ta ce, “Allah shi rufa mashi asiri,” ta tashi ta shiga madafa. Da tana da niyyar faɗa masa don a sauko da azarar, to ranar ta fasa.

Ruwan farko ya zo ne bayan azahar, Baba yana kasuwa. Iska ta fara, ta kwashe shanya ta watsar da kaji, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Inna ta kora mu ɗakin Baba, ɗan ƙaramin ɗaki ne mai rufin kwano, muka cunkushe a bakin ƙofa muna kallo. Indararon madafa yana ta feshi, na maƙwabta ma muna jin ƙararsa ta bayan katanga. Namu na ɗakin Inna kuwa ɗigo kawai yake yi.

Na ce, “Inna, indararonmu ba ya zuba.”

Ta duba, na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, “Azara ta toshe shi. Ruwan na bisa.” Ta miƙa mini ƙanena ta ce kada wanda ya motsa, za ta jawo gyaɗa. Na riƙe mata zane ta fizge. Ta shiga ta fito da buhu ɗaya tana ja da baya, ta yar a tsakar gida cikin ruwa, ta sake komawa. Ƙarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba, kamar an sauke buhu daga kan mota ne. Sai jan ruwa mai kauri ya kwararo ta ƙofar ɗakin, inda rufi yake kuma na hangi sama.

Ihuna ne ya tara mutane. Wadda ta fara shigowa maƙwabciyarmu ce da muke ce wa Madam, Kirista daga kudancin Zariya, mijinta yana aiki a dam suna haya a bayanmu. Ba takalmi ba ɗankwali ta faɗa cikin lakar tana kwasa da tasar jeren Inna. Maza suka biyo da fatanya, a ranar ba wanda ya tsaya sallama. Aka sami Inna a kife kusa da gwafar, tsohuwar azara ta danne mata ƙugu, bakinta cike da ƙasa, amma da ranta. Motar aikin mijin Madam ce ta kai ta asibiti.

Baba ya iso jiƙe sharkaf, an riga an tafi da ita. Ya shigo tsakar gida ya tsaya gaban ɗakin. A saman tarin lakar ga sabuwar azara nan a warwatse, ruwa ya wanke ta, ko ɗaya ba ta karye ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo gare ni.

“Wannan ta wa ce?”

“Ta Inna ce.”

“Yaushe ta zo?”

“Ta daɗe.”

“Mi ya sa ba a faɗa mani ba?”

Ya zauna a cikin lakar da babbar rigarsa ya dafe kai. Na ji tausayinsa har cikin raina, kuma ban je kusa da shi ba.

Inna ta dawo gida da karyayyen ƙugu da baya da ya taɓu. Aka kwantar da ita a ɗakin Baba, shi ya koma zaure, mu aka raba mu gidajen maƙwabta. Aka ɗauko mai ɗori daga Shema ya yi iya ƙoƙarinsa, amma daga kallon da ya yi wa Baba a bakin ƙofa na gane ba za ta sake tsayawa a bakin turmi ba. Gaskiya mutane sun yi mana kara. Duk wanda Baba ya taɓa yi wa alheri sai da ya zo, kwanukan abinci har sun rasa wurin ajiya, masu sannu suna shiga suna fita suna cewa ƙaddara ce. Kawu ya zo da sauran zazzaɓinsa, bai gaisa da Baba ba. Ya zagaya kangon, ya tambayi inda aka jera azarar, da na nuna masa sai ya juya baya ya share ido da hannun riga. Ya ce bangon ma ya sha ruwa, sai bayan damina za a tayar da sabo. Ya sa aka zaro azarar daga laka aka jera ta a tsakar gida, a fili, tunda yanzu babu wanda bai san da ita ba a garin.

Ba a daɗe ba, wata safiya ina ba Inna kunu a cokali, sai na ji an yi sallama a zaure. Jim kaɗan Baba ya shigo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, hula a hannu, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Mai facin nan da gobara ta ci ma gida, shi ne a zaure. Ya ji labarin azara. Ban ce mashi komi ba. Na ce taki ce, sai na tambaye ki.”

Tunda nake ban taɓa jin ya tambaye ta kafin ya bayar ba. Na ajiye cokalin ina jira ta zazzage masa abin da ta haɗiye shekara da shekaru, ina so ta yi. Inna ta kalli kwanon rufi.

Ta ce, “Yana da ɗiya ƙanana?”

“Yana da su.”

“Ba shi, Malam. Ni da ba ni tashi, wane ɗaki za a rufa mani?”

Baba ya tsaya bai motsa ba. Na kafa masa ido, a zuciyata ina roƙonsa ya ce a'a, sau ɗaya tak a rayuwarsa ya koma zaure ya ce wa mutum babu, wannan ta ɗakin matata ce. Na ga leɓensa yana motsi. Sai aka yi gyaran murya daga zaure, ya mayar da hularsa ya fita.

Can na ji an fara jan azarar a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, tana goga dakalin zaure tana fita. Inna ta juyar da fuskarta bango, iyakar juyin da take iya yi ke nan, ta ce in ja mata ƙofar.